Lukmanu Mai Kwamfuta da Gonar Zacharie

Duk wanda ya zo yana yi mini kirarin Lukmanu, wai a unguwarmu shi ya fara karanta ilimin kwamfuta, nakan bar shi ya gama, in ba shi ruwa ya sha. Ni kawunsa ne, cikinmu ɗaya da Ramatu da ta haife shi. Ni na yanka ragon sunansa. Ni kuma na zauna ofis ɗaya da shi wata goma sha huɗu a ƙarshen zamanin shugaban ƙasa Ahidjo, na ga abin da ya yi wa wani bawan Allah mai suna Zacharie, wanda bai nemi komai a duniya ba sai gonar da aka yi masa alkawari. Saboda haka in ana zancen Lukmanu, a bar ni in faɗi nawa.

Kai dai yana da shi, wannan ba zan hana shi ba. Gidanmu gidan fatake ne, kakanninmu daga Kano suka gangaro da goro da baƙin rini suka yi zamansu a Garwa. Ni kaɗai na kauce na zama akawu, don haka da uban Lukmanu ya rasu ya bar shi ɗan shekara shida, ni na kama hannunsa na kai shi lakwal, makarantar bokonmu ta Faransanci. Ramatu kuwa da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ta riƙe shi, hannunta duk kanta. Yaron bai taɓa zuwa na biyu a aji ba. Amma tun lokacin akwai maganar da bakinsa ba ya iya furtawa, wato "na yi kuskure". An taɓa aikensa da kwanon tuwo gidan wata mai jego, ya kai gidan maƙwabta, suka cinye suka yi godiya. Da aka tambaye shi sai ya tsaya kai da fata wai laifin masu gidan ne da suka shafa wa ƙofarsu shuɗin fenti irin na mai jegon. Aka yi ta dariya, har da ni.

Da ya gama lise, wato sakandare, aka ba shi gurbi a jami'a a Yawunde. Shekara biyu yana lissafi, sannan ya shiga abin da suke kira infomatik, mu mu ce ilimin kwamfuta, ya yi shekara uku. In ya zo hutu sai ka gan shi da kwat da lakatayi ɗaure a wuya a zafin Garwa, gumi na bin wuya, Hausar ma sai ya yi kamar yana lalubenta a aljihu. Wata tsohuwa a layinmu ta ji an ce ɗan Ramatu karatun inji yake yi, ta ɗauko rediyonta ta kawo ya duba mata. Kallon da ya yi mata, sai ka ce ruwan wanke-wanke ta watsa masa a takalmi.

Rannan na zaunar da shi na ce ya ba ni labarin injin nan da yake hura mana hanci da shi. Ashe a shekara ukun ko sau ɗaya bai taɓa shi da hannu ba. Injin yana cikin wani ɗaki mai sanyi, ta gilashi suke hango shi. Ɗalibi ya rubuta umarninsa a takarda mai gida-gida, a kai wa masu huda kati, kowane layi kati ɗaya, a miƙa katunan ta taga, a koma a jira kwana biyu. In ka manta ɗigo ɗaya sai injin ya dawo maka da kayanka, ka sake sabon lale. Na ce masa to ai wannan karatu ne mai koya wa mutum ƙanƙan da kai, tunda kullum ana nuna maka kurenka. Ya ce shi ba a cika dawo masa da nasa ba.

Kada wani ya ce karatun na raina. Na san wasu daga cikin 'yan ajinsu. Akwai Marcel da ya shiga banki a Duwala, akwai wata Albertine da ta kama aiki a jirgin ƙasa tana tsara wane tarago zai bi wane, ɗaya ya zauna jami'ar yana koyarwa, wani kuma kwastan suka ɗauke shi. A lokacin rububinsu ake yi, domin ba su da yawa. Babu ko ɗayansu da na ji an ce ya kashe wa wani gida. Shi namu ma'aikatar gwamnati a Yawunde ya sa wa rai, sai takarda ta fito an turo shi Garwa a watan Oktoba na 1978. Ramatu ta rangaɗa guɗa ɗanta ya dawo gida. Shi kuwa ya yi kwana biyu yana shan mur kamar an kai shi gidan yari, ya ce mini kafin shekara ta zagayo sai ya yi aikin da Yawunde za ta aiko a ɗauke shi.

Ofishin da aka turo shi, nan nake, shekarata biyar a ciki, ashirin da biyu kuwa a aikin akawu. Aikinmu rabon sababbin gonaki a kwarin Binuwai, can gaba da Pitowa, ga mutanen duwatsu da ƙasar noma ta yi wa kaɗan. Mutum ya zo in rubuta shi a littafi, a ba shi lamba, ya jira rabo kafin damina.

Rubuta sunan mutumin arewa kuwa ba a yin sa da ka. Mutanen dutsen nan sunansu jerin haihuwa yake bi. Ɗa na uku Deli ne, ko a gidan wa aka haife shi. In fada, limamin coci, ya zo yin baftisma sai ya tara samari ashirin rana ɗaya, sunaye biyar ko shida ya raba musu. Ranar haihuwa kuwa babu wanda ya san tasa. Akawun Bature ya dubi mutum sama da ƙasa ya rubuta "né vers 1940", wato an haife shi wajajen 1940, sa'annin nan duk shekara ɗaya ake ɗora musu. Mu ma a gari haka ne, Hamadu nawa ne wajajen 1930? To mu tsofaffin akawuna abin da muke yi, a gefen shafi mu sa fensir mu rubuta abin da ya bambanta mutum da takwaransa: dogo, mai tabo a goshi, surukin wane, na bakin rijiya. Ba a makaranta aka koya mana ba, amma babu wanda gonarsa ta taɓa faɗawa hannun wani a littafina.

Zacharie Deli na san shi tun kafin ofishin. Duk rani yakan sauko Garwa neman aiki, shi ya ɗaure mini rijiyar gidana da duwatsu, har yau ko tsaga ba ta yi ba. Mutum ne marar yawan magana, Hausarsa ta kasuwa ce, in ya gama aiki sai ya share wurin kafin ya tafi. Da ya ji labarin rabon gonaki ya zo na rubuta shi, na sa "maginin rijiya" a gefe, domin kwana uku kafin nan na rubuta wani Zacharie Deli, ƙauyensu ɗaya can bayan Mokolo, shi ma wajajen 1940, na sa masa "dogo". Ni da bakina na ce masa ya je ya shirya, gona kamar tana hannunsa.

Ya kuwa shirya. Ya koma dutse ya tara dattawa, a gabansu ya miƙa wa ƙanensa 'yan gonakin matakalar da ya gada, aka sha abin sha a kai. A wurinsu abin da aka bayar ta wannan hanya ya bayu, ba a komawa a ce a dawo da shi. Ya kwaso matarsa Cécile da 'ya'ya shida da akuya biyu, suka kafa rumfar zana a sansanin masu jira a Pitowa.

Ana cikin haka Lukmanu ya kama aiki. Ranar farko, a gaban mutane, ya kira ni "akawu Isa". Ni da na share masa majina! Na haɗiye. Ya ce zamanin littafi ya wuce, duk sunayen nan dubu uku da wani abu za a mayar da su kati, a aika Yawunde inji ya yi rabo. Aka kawo na'urar huda kati biyu, aka ɗauki wata yarinya Honorine, ita ma 'yar dutse ce, hannunta kamar walƙiya. Kati gida tamanin gare shi. Lukmanu ya yanka wa suna gida ashirin da huɗu, ranar haihuwa shida, ƙauye goma sha biyu, sauran ya cika da lambobinsa. Na tambaye shi ina gidan rubutun gefe. Ya ɗaga littafina da yatsa biyu, ya karanta "mai tabo a goshi" da ƙarfi don a yi dariya, ya ce kimiyya ba ta san dogo da gajere ba.

Injin kuma wai ba ya karɓar shekara tsirara, sai da rana da wata. Sai gogan ya ce duk mai "né vers" a sa masa ɗaya ga Janairu. Da haka rabin mutanen dutse suka wayi gari rana ɗaya aka haife su. Bai tsaya nan ba. Ya ji ana raɗe-raɗin wasu suna rajista sau biyu don su sami gona biyu, kuma gaskiya akwai su, ni ma na san 'yan tsiraru. Ya rubuta wa injin doka: in suna da ranar haihuwa da ƙauye suka zo ɗaya, mutum ɗaya ne, a bar katin farko, a fitar da na biyu a sa shi a jerin macuta.

Na faɗa masa a ofis, na bi shi gida na sake faɗa masa. Honorine ma ta yi ta maza ta ce masa a danginta kaɗai akwai mutum uku da dokar nan za ta mayar mutum ɗaya. Ya ce mata yatsunta aka ɗauka aiki, ba bakinta ba. Daraktanmu kuwa, baƙo ne a arewa, ya ji kalmar macuta sai ya hau gyaɗa kai, don ya san irin rahoton da ake so a sama ke nan.

Aka zuba katunan a kwalaye aka sa a jirgin sama. Bayan mako uku, tsakiyar Afrilu, takarda ta dawo, doguwa mai ninki-ninki da huji a gefe. Aka ce ni in kai ta Pitowa in manna a bango in karanta wa jama'a. Mutum ɗari huɗu da goma sha biyu injin ya fitar.

Ina karantawa na zo kan Zacharie Deli, gona mai lamba ɗari da sha takwas. Mutum biyu suka matso gabana, dogon da maginin rijiya. Na duba ƙasa ko sunan zai sake fitowa, bai fito ba. Maginin rijiya ya cire hularsa ya ce, "Malam Isa, ni ne ko shi ne?"

Lambar rajistar da ke gefe ta dogon ce, don ya riga shi zuwa da kwana uku. Wallahi ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, kuskure ne, za a gyara kafin ruwa ya sauka. Ya ce to, tunda ni na faɗa.

Na yi kwana uku ina bin jerin macutan da littafina, suna bayan suna. Talatin da ɗaya na samu waɗanda da gaske sau biyu suka yi rajista. Sauran ɗari uku da tamanin da ɗaya mutane ne masu rai, kowa da fuskarsa da iyalinsa a rumfar zana. Na kai wa Lukmanu na shimfiɗa masa a tebur. Ko duban takardar bai yi ba. Ya ce rahoto ya riga ya tafi Yawunde cewa ofishin Garwa ya bankaɗo macuta ɗari huɗu da goma sha biyu, har an aiko da yabo. Gyara kuwa sai an huda sababbin katuna, an sake tura wa inji, kuma sai da wasiƙa mai sa hannunsa cewa dokar farko ba daidai take ba. Ya ce ba zai ɓata aikin kimiyya a kan rubutun fensir ba.

Washegari na hau motar Pitowa na ɗauko Zacharie biyun, na shigar da su ofishinsa ba sallama, na tsayar da su a gaban teburinsa. Ɗaya kansa na neman taɓa fanka, ɗaya bai kai kafaɗarsa ba. Na ce masa ga mutum ɗayan nan nasa, ya duba da kyau. Ya ɗago ya dube su, na ce a raina yau dai zai faɗa. Sai ya juya harshe zuwa Faransanci, don kada su ji, ya ce ba a shigo masa da jama'a ofis haka, duk mai ƙorafi ya rubuta takardar koke, akwai hanyar da ake bi. Maginin rijiya ya tambaye ni me shugaba ya ce. Na ce ya ce ana dubawa. Ni ma na zama maƙaryaci saboda ɗan 'yar'uwata.

Na je wajen Ramatu, tunda ita kaɗai yake ɗan saurarawa. Na zayyana mata komai tana tuyar ƙuli-ƙuli. Ta ce Allah sarki, sannan ta ce, "Yaya, shekara nawa na yi a bakin kaskon nan don yaron nan ya zama mutum? Kada ka zama kai za ka ɓata masa." Ba zan zage ta ba, uwa ce. Amma tun daga ranar ban ƙara cin ƙuli-ƙulinta da daɗi ba.

Honorine, wadda aka ce ba a ɗauki bakinta aiki ba, ita ta nuna tana da zuciya. Ta ce in kawo mata littafin. Lokacin da kowa ya fita cin abincin rana ta zauna ta huda sababbin katuna ɗari uku da tamanin da ɗaya, ta matse rubutun gefe a cikin gidajen suna, Zacharie ya zama Zacharie Deli Rijiya. Kwana huɗu ta gama. Muka jera su a kwali muka ɗaure, na rubuta wasiƙar da kaina, na yi mata laushi yadda ba za ta taɓa shi sosai ba, ban ma sa kalmar kuskure ba, cewa na yi ƙarin bayani. Saura sa hannu kawai. Ya ce mu ajiye zai duba. Ya sa ƙafa ya tura kwalin ƙarƙashin teburinsa.

Jirgin Talata ya tashi, kwali na nan. Na Juma'a ya tashi. Kullum da safe in shiga in gaishe shi, ni kawunsa, in tambayi kwali, ya ce yana sane. Na je wa darakta, ya ce wannan harkar masana ce, shi abin da injiniyansa ya ce shi ne. Gonakin da aka ƙwace kuwa tuni aka fara miƙa su ga waɗanda ke jerin jira, wasunsu ma 'yan gari ne masu kanti a kasuwa da ba su san yadda ake riƙe fartanya ba.

Ranar tara ga Mayu da azahar hadari ya haɗo daga gabas, ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya. Ina zaune a teburina ina jin ƙamshin ƙasa yana shigowa ta taga. Duk manomi ya san in ruwan shuka ya sauka mako biyu zuwa uku gare ka, in ka wuce ka wuce. Lukmanu ya tashi ya rufe tagarsa don kada feshi ya jiƙa masa takardu.

Mako biyu bayan haka aka tura jandarmomi sansanin Pitowa, aka ce duk wanda ke jerin macuta ya kwashe kayansa, a gode Allah ma ba a ɗaure shi ba. Na je na tarar Cécile tana naɗe zana. Dogon Zacharie, mai bakuna tara a gidansa, ya ce zai yanka wa takwaransa gefen gonarsa, amma abin da zai iya bayarwa ko kuɓewa aka shuka ba za ta ishi miya ba. Maginin rijiya da iyalinsa suka hau bayan babbar mota suka koma dutse. Ƙanen bai kore su ba, ya ba su ɗaki ɗaya, gonaki kuwa ba wanda ya tayar da zancensu. Kafin kaka an raba huɗu daga cikin 'ya'yan a gidajen dangi.

A watan Disamba takardar Lukmanu ta fito, ƙarin girma da komawa Yawunde, daidai yadda ya ce. Ramatu ta yi masa walima da la'asar. Ban yi niyyar zuwa ba, ta aiko sau uku. Da mutane suka ragu na ja shi bayan ɗakin girki na ce tambaya ɗaya zan yi masa, ya ba ni amsa da Hausa. Da gaske har yau yana ganin mutanen nan macuta ne?

Ya ce, "Kawu, tun ranar da takarda ta dawo na nemi sunayen dangin Honorine, na ga biyu babu. Na sani tun ranar."

Na ce to me ya hana shi sa hannu?

Ya ce, "Me kake so in rubuta musu? Cewa shekara biyar na yi a jami'a, fensirinka ya fi ni?"

Na yi zaton zan mare shi, amma ban yi ba. Da jahilci ne da na yi masa uzuri, kowa na yin kuskure, ni ma na sha yi a aiki. Wannan kuwa ya san mutum ɗari uku da tamanin da ɗaya suna zaune a rana suna jiransa, ya dinga ɗora ƙafa a kan kwalinsu yana shan shayi. Tir. Na saka takalmina na fita ta ƙofar baya, ban yi wa Ramatu sallama ba.

Daga nan sai gaba ya yi ta ci. Ya shugabanci sashen kwamfuta na ma'aikatar, ya je Faransa ƙaro karatu, daga baya wani banki ya ɗauke shi, ya yi tumbi, ya gina wa uwarsa gidan siminti. In ya zo Sallah akan gayyace shi lise ya yi wa ɗalibai jawabi a kan amfanin ilimin kwamfuta da ayyukan da ake samu da shi, kuma an ce yana iya jawabin. Ni nakan ce wa iyayen yaran su bar 'ya'yansu su karanta, karatu ne mai kyau, amma su fara duba ko yaron yana iya cewa ya yi kuskure. Yakan aiko mini da shadda duk shekara, ina ba maƙwabta.

Zacharie kuwa da rani ya sake saukowa Garwa shi kaɗai, ya rame, na ba shi zaurena. Bai taɓa ce mini ni na sa shi ya ba da gonakinsa ba, da ya faɗa ma da na fi samun sauƙi. Abin da ya roƙe ni kawai in rubuta masa takardar koken nan da daga baya ya ji shugaba ya ce a rubuta. Na rubuta, na haɗa da shaidar dagacinsu da ta fadan cocinsu da ta dogon Zacharie, wanda ya dangwala yatsa cewa shi daban takwaransa daban. Muka aika Yawunde. Ya yi ta zuwa ofis yana tambaya, in ce ba ta zo ba.

Wata biyar sannan amsa ta zo, layi biyu, bugun inji. Ya kawo mini ita a ninke cikin hularsa, ya tsuguna ya ce in karanta masa. Na karanta a zuci sau biyu, na ce bari in nemo tabarau, alhali suna fuskata. Ya ce, "Malam Isa, karanta kawai."

Na karanta masa. An bincika, an tabbatar Zacharie Deli, haifaffen ɗaya ga Janairu 1940, ya riga ya karɓi gonarsa mai lamba ɗari da sha takwas, yana kuma nomanta. Kada ya sake damun hukuma.

Ya ce in sake karanta wurin da aka ce yana nomanta. Na sake. Ya karɓi takardar ya ninke ta yadda take, ya mayar cikin hula, ya tambaye ni ko na san wani mai neman a ɗaure masa rijiya.